Waiwaye Adon Tafiya: A Buɗe Rajistar 2019 Kafin A Sallami 'Yan Ajin 2025

Ɗaliban ajin ƙarshe na makarantunmu na sakandare sun ajiye alƙalami, sun naɗe littattafansu, sun koma gida a 2025 suna dakon sakamakon jarrabawar NECO. A watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta shagalin nan da ɗalibai suka ɗauko na rubuce-rubuce a jikin fararen riguna da zagaye gari ranar da suka gama jarrabawa. Mu a wannan reshe ba mu da ja a kan wannan hukunci, domin mun ga irin ɓarnar kuɗi da zubar da mutunci da ke biyo bayan shagalin. Amma hani shi kaɗai bai wadatar ba. Yaron da ya yi shekara shida yana sammako zuwa makaranta yana da haƙƙin a tsaya tare da shi a waiwayi hanyar da ya biyo. Ra'ayinmu shi ne kowace makaranta a Ƙaramar Hukumar Kebbe ta shirya zaman waiwaye, a taru da ɗalibai da iyaye da malamai da iyayen ƙasa, a buɗe rajistar aji ɗaya ta shekarar 2019, a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a ga wa ya iso, wa kuma ya tsaya a hanya.

Dalilinmu na farko shi ne wannan aji ba irin sauran ba ne. Sun shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙarshen 2019. Ba su gama zango na biyu ba aka rufe makarantun ƙasar nan baki ɗaya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. An buɗe wa 'yan ajin ƙarshe na wancan lokaci ƙofa a farkon watan Agusta domin su rubuta jarrabawa, su kuwa ƙananan sai wajen ƙarshen shekarar suka koma. Kusan rabin shekara ke nan ba allo ba alli. An yi ta batun karatu ta rediyo da talabijin da intanet, amma duk wanda ya san Girkau da Sangi da Ungushi da Nasagudu ya san cewa yawancin yaran can gona suka koma, wasu kiwo, wasu talla. Wannan kuwa shi ne lokacin da ake aza harsashin lissafi da Turanci da kimiyya, wanda duk sauran karatun sakandare a kansa yake tsayawa.

Ba su gama zama daram ba sai ga wata fitina. A ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka, kuma sakandaren gwamnati ta Kebbe da firamaren kwana ta Jabo suna cikin jerin. Daga nan aka shiga shekarar 2021, wadda malamai ba za su manta da ita ba: Kagara a ranar 17 ga Fabrairu, Jangebe a ranar 26 ga wannan wata inda aka sace 'yan mata 279, sai kuma Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni. Kebbe tana iyaka da Zamfara da Kebbi, don haka waɗannan labarai ba daga nesa muka ji su ba. Uban da ya ji labarin Jangebe da dare, da safe sai ya yi tunani sau biyu kafin ya bar 'yarsa ta kama hanyar makaranta. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan, a daidai lokacin da ake ce wa yara su nemi ilimi a cikin waya.

Suna aji uku na ƙaramar sakandare, a 2022, suka ji hukumar WAEC ta bayyana cewa makarantun gwamnati na Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗalibai a jarrabawar shekarar ba. Suna aji ɗaya na babbar sakandare aka yi canjin kuɗi a farkon 2023, takardar naira ta yi ɓatan dabo, uba yana da gero a rumbu amma ba shi da abin sayen littafin rubutu. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuɗin babur daga ƙauye zuwa makaranta ya tashi, abincin gida ya yi tsada, kuma malamin da ke zuwa daga Tambuwal ko Dogon Daji ya ga albashinsa yana ƙarewa a tankin mashin. A 2025 kuma, a faɗin ƙasa, an ga ɗaliban da suka rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila a ranar 28 ga Mayu. Da sakamako ya fito a watan Agusta, hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin, ta mayar da adadin kashi 62.96. Wannan shi ne zamanin da waɗannan yara suka yi karatu a cikinsa. Duk wanda ya kai ƙarshe a cikinsu ya cancanci a miƙe tsaye a gaishe shi.

Dalilinmu na biyu shi ne waɗanda ba su iso ba. Kowane malamin aji ya san cewa rajistar da ya karɓa a aji ɗaya ta fi wadda ya miƙa a aji shida tsawo. Ya san sunayen da aka ja wa layi. Akwai yarinyar da aka ɗaura wa aure bayan jarrabawar aji uku, ba tare da an yi maganar ci gaba da karatunta ba. Akwai yaron da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal da niyyar wata uku, har yau bai dawo ba. Akwai wanda iyayensa suka tashi daga ƙauyensu saboda tsoro, suka sauka inda ba su san kowa ba. Akwai wanda ya bi abokai zuwa ramukan zinariya. Akwai kuma waɗanda Allah Ya yi wa rasuwa, muna roƙon Ya jiƙansu. A bikin yaye ɗalibai kamar yadda aka saba yinsa, ba mai ambaton waɗannan. Ana kiran na ɗaya da na biyu da na uku, a ba su kyauta, a ɗauki hoto, a watse. Sunan da aka ja wa layi ya ɓace daga tarihin makaranta kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Muna ganin wannan shiru yana da illa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Tun a ƙarshen 2015 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan. Ba yadda za a san ko waɗannan alkawura sun cika sai an ƙirga, kuma ƙidayar da ta fi kowace gaskiya ita ce wadda ke cikin rajistar malamin aji, domin ita da suna take tafiya, da sunan uba, da unguwa. Alƙaluman da ake kaiwa ofis suna faɗin yawan waɗanda aka ɗauka a farkon shekara. Ba safai suke faɗin a wane aji aka fi zubewa ba, ko a wane zango, ko mata ne suka fi ko maza, ko 'yan wane ƙauye ne. Idan kowace makaranta daga Kebbe zuwa Kuchi, daga Margai zuwa Fakku, ta ajiye rajista biyun nan gefe da gefe, ta rubuta dalilin tafiyar kowane yaro gwargwadon abin da aka sani, reshen nan zai sami hujjar da zai ɗauka ya kai gaban shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi. Mai kuka da hujja a hannu ba a sallamarsa da “za a duba”.

Mun san akwai masu ganin rashin dacewar wannan shawara, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa ranar farin ciki ce, bai kamata a jiƙa ta da baƙin ciki ba. Suna cewa kiran sunan yaron da ya bar makaranta a bainar jama'a tonon silili ne ga iyayensa. Amsarmu ita ce a raba aikin gida biyu. A gaban taro suna kawai za a kira, a yi addu'a, ba tare da an faɗi dalilin kowa ba. Dalilai kuwa suna cikin takardar da shugaban makaranta da malamin aji da kwamitin gudanar da makaranta kaɗai za su gani, kuma abin da zai fita zuwa ofis adadi ne, ba suna ba. Batun farin ciki kuwa, ɗaliban da kansu ba su manta da abokansu ba. Da su suka zauna benci ɗaya, da su suka raba ƙosai lokacin tara. Ambatonsu ba zai rage wa kowa murna ba, zai ƙara wa wanda ya iso sanin girman ni'imar da ya samu. Kuma sau da yawa ɗan ajinsu ne kaɗai ya san inda wane yake a yau, da ko zai yarda ya dawo.

Domin dawowa tana yiwuwa. NECO da WAEC duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba ta buƙatar mutum ya kasance ɗalibin wata makaranta. Matar aure mai goyo tana iya zama ta rubuta idan ta sami mai yi mata bita da mijin da ya amince. Ƙasar nan ce ta Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tsara 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a inda suke. Wanda ya ce neman matar aure da karatu baƙon abu ne, tarihin gidansu ne bai karanta ba.

Dalilinmu na uku ya shafi 'yan baya. Zaman waiwaye dama ce ta jin bakin waɗanda suka fi kowa sanin makarantar, a ranar da ba sa tsoron bulala ko maki. A tambaye su: wane darasi ne suka yi shekara ba malami? Sau nawa suka shiga ɗakin gwaje-gwaje suka taɓa kayan aiki da hannunsu? Su nawa ne suka fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawar JAMB? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta jira, domin Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa ana so WAEC da NECO su koma kan kwamfuta a 2026. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan da gaske ake, to makarantunmu suna buƙatar na'urori da wutar sola da malamin da ya iya, tun daga zangon farko mai zuwa. In ba haka ba, ɗan Kebbe zai faɗi jarrabawar da ya san amsarta saboda bai san inda zai danna ba. A rubuta amsoshin ɗaliban kamar yadda suka faɗe su, a haɗa da ƙidayar rajista, su zama takardar buƙatun reshen nan ta bana: ƙarin malaman lissafi da kimiyya da Turanci, alawus ga masu aiki a ƙauyuka masu nisa, katanga da masu gadi, da ƙarin malamai mata domin iyaye su saki jiki.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka kammala, ga nasiharmu. Takardar sakandare mabuɗi ce, ba ɗaki ba. Ƙofofi suna nan kusa da ku: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da kwalejojin ilimi da na aikin jinya. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga waɗanda suka sami gurbi a makarantun gwamnati, ku nemi bayani kafin ku ce babu hali. Wanda sakamakonsa bai cika ba kada ya ji kunyar sake zama. Wanda ya zaɓi noma ko sana'a ya yi ta da ilimin da ya samu. Muna kuma roƙon wasunku su zaɓi aikin koyarwa da gangan, ba don sun rasa wani ba. Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, alli ya fara riƙewa a Sakkwato da Argungu kafin ya riƙe ƙasa. Malamin da aka haifa a Sangi ba ya neman canjin wurin aiki idan aka tura shi Sangi.

Iyaye, muna gode muku da amanar da kuka ba mu a shekarun da sakin yaro zuwa makaranta ya zama jarumta. Idan takardar gayyata ta iso, ku zo, har da ku da 'ya'yanku ba su kai ƙarshe ba, domin kujerarku tana nan. 'Yan uwa malamai, kowa ya nemo tsohuwar rajistarsa ya kaɗe mata ƙura kafin a koma hutu, wakilan makarantu kuma su zo taron reshe na gaba da ƙidayarsu a rubuce. Allah Ya ba 'yan ajin 2025 sakamako mai albarka, Ya dawo mana da waɗanda suka tsaya a hanya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.