Wa zai ba 'yar mowa bakin magana?

A hutun da ya wuce na koma gida Saulawa da wani littafin Turanci da wata ƙawata ta ara min, sunansa Stepsister, na Jennifer Donnelly, wanda ya fito a 2019. Labarin Sindirela ne, amma an karkatar da shi zuwa kan Isabelle, ɗiyar matar uban Sindirela, wadda kowa ya sani da mugunta. Tun a farkon littafin uwarta ta miƙa mata wuƙa ta yanke yatsun ƙafarta don takalmin ɗan sarki ya shige ta. Sai da na ajiye littafin na sha ruwa.

Wasu a hostel sun ce irin waɗannan littattafai ɓata tatsuniya suke yi, suna cusa jini inda babu. Ban yarda ba. Yankan ƙafar nan yana cikin labarin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka buga tun 1812. A fim ɗin Disney na 1950 kuwa babu shi ko kaɗan. Mu ma namu ai ba su da sauƙi. Ku tuna tatsuniyar Ruwan Bagaja, ba littafin Abubakar Imam ba, wadda kakanni ke yi da dare. An kori 'yar bora ta je wankin ƙirgi, ta yi ladabi a hanya, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sahu, ta yi rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi. Yara su yi shewa, a tashi a kwanta.

To ni a gidanmu 'yar mowa ce. Duk daren da Kaka ta zo wurin nan, 'yan ubana sai su juyo su kalle ni suna dariya, ni ma in yi yaƙe. Ban taɓa tambayar wa ya tura yarinyar nan hanya ba sai da na karanta Isabelle. Uwarta ce fa ta tura ta, don kada kishiya ta fi ta. Kishin manya ne, amma yarinya aka ɗora wa hukuncin, kuma ba wanda ya taɓa jin abin da ta faɗa wa kanta a hanyar dawowa. Abin da littafin ya yi daidai ke nan: bai ce Isabelle ba ta yi mugunta ba, ya dai nuna yadda aka sassaƙa ta har ta zama haka.

Ba duka ya burge ni ba. An mai da ƙaddara wata tsohuwa da ke caca da sa'a a kan rayuwar yarinyar, wannan bai kwanta min ba, kuma daga baya labarin ya koma yaƙi da takobi, ya manta da cikin gida inda ciwon yake.

Wannan cikin gidan mu muka fi saninsa. Daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Kudan, da wuya ka samu ajin da babu 'yan uba a cikinsa. Masu rubuta labarai a WhatsApp cikinmu, ku ɗan huta da attajiri da 'yar talaka. Ni dai na fara nawa, shafi 6 zuwa yanzu, daga daren da 'yar mowa ta iso ƙofar gida da kutarenta, uwarta ta leƙo ta rufe ƙofa.