Kati biyu a rauta ɗaya: saiti yana tafiya tare, ma'adana kuma kowa da tasa

Bayan bidiyon da muka kunna ASR 1006 na gwanjo, tambayar da ta fi yawa ita ce: tunda rautar tana da katin sarrafawa biyu, ai duk abin da ke kan na farko yana kan na biyu ko? A'a. Wannan zaton kuma yana iya jefa mutum cikin wahala da tsakar dare.

Manyan rautoci irin su ASR 1006 na Cisco da MX480 na Juniper suna ɗaukar ƙwaƙwalwa biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na zaman ko-ta-kwana, idan ta farko ta faɗi ta biyu ta karɓa. A Cisco, idan kana tsarin SSO, saitin da ka rubuta yana wucewa katin jira da kansa. A Juniper ko wannan ba kyauta ba ne: sai ka yi commit synchronize, ko ka sa shi dindindin a saiti, in ba haka ba canjin yana nan kan katin da ka shiga kawai.

To amma faifan ajiya fa? Kowane kati da nasa. Fayil ɗin manhajar da ka sauke da hannu zuwa bootflash: ba ya tashi ya tafi stby-bootflash: don kansa. Haka abin da ka zuba a /var/tmp na re0 ba ya bayyana a re1. Ga inda abin ke cizo: layin boot system da ke nuna sabon fayil saiti ne, don haka ya riga ya isa katin jira, alhali fayil ɗin da yake nunawa bai je ba. Ranar da katin ya sake tashi, sai ya nemi abin da babu, ko dai ya ɗauki tsohuwar manhaja ko ya tsaya a ROMMON yana jiran ka. Idan kuma katunan biyu suka zama da siga daban, a IOS sau da yawa rautar kan sauka daga SSO zuwa RPR, inda sauyin kati ke ɗaukar mintuna maimakon daƙiƙoƙi.

Wasu sun ce a sharhi kamata ya yi kamfanonin su riƙa kwafe faifan gaba ɗaya kai tsaye, a huta. Ni ban yarda ba. Kwafi marar tambaya yana kwafe ɓarna da saurin da yake kwafe gyara. Ka goge fayil bisa kuskure, ya tafi a duka biyun. Fayil ya lalace wajen saukewa, yanzu kana da lalatattu biyu. Kuma lokacin sabunta manhaja, ai so kake katin jira ya riƙe tsohuwar siga na ɗan lokaci, ita ce ƙofar gudunka.

Ku tuna abin da ya sami Rogers a Kanada ranar 8 ga Yuli 2022. An cire wata matatar hanyoyi yayin gyaran saiti, bayanan hanyoyi suka yi wa manyan rautocinsu ambaliya, sama da mutum miliyan 12 suka rasa layi, har biyan kuɗi da Interac da kiran gaggawa na 911 abin ya shafa. Ba na'ura ce ta ƙone ba. Kati na biyu maganin mutuwar ƙarfe ne, ba ya maganin umarni mara kyau. Shi ya sa nake jin daɗin yadda Junos ke ajiye saiti har 49 na baya don rollback, kuma duk da haka dole ka sami kwafi a wajen rautar.

Inda nake ganin laifin masu ƙerawa shi ne nuni. Ka buga show redundancy, ka ga STANDBY HOT, hankalinka ya kwanta. Amma wannan kalmar ba ta ce komai ba game da abin da ke cikin faifan. Me zai hana a ƙara layi ɗaya a nan da zai ce fayil ɗin da aka umarci katin jira ya tashi da shi ba ya nan? Gaskiya sababbin hanyoyin girka manhaja, irin umarnin install na IOS XE, sun rage matsalar tunda suna kai fayil katin biyu. Sai dai kayan gwanjon da yawancinmu ke saye a eBay, na koyo ko na turawa ƙananan kamfanonin intanet a gida, tsofaffin siga ke kansu, kuma sau da yawa katunan biyu ma ba daga rauta ɗaya aka ciro su ba.

Don haka ni ga yadda nake yi. Duk fayil ɗin da na kwafa, nan take zan kwafa shi a katin jira kafin in taɓa layin boot. Sai in gwada verify /md5 a ɓangarorin biyu, lambobin su zo daidai, in kuma duba ko faifan jira na da sauran wuri, don tsofaffin fayiloli kan cika shi ba wanda ya lura. Daga nan, a lokacin da mutane suka yi barci, in buga redundancy force-switchover da gangan in ga abin da zai faru. A bidiyo mai zuwa za mu yi wannan gwajin a kan MX480, da agogo a gefe muna ƙirga fakiti nawa suka zube.