Garkuwar jiki ba wuta ba ce da za a yi ta ƙara wa itace

A kasuwar Nasarawar Burkullu, kamar sauran kasuwannin Bukkuyum da Anka da Gummi, ba a rasa mota mai lasifika tana tallan garin magani "mai ƙara garkuwar jiki". Ba da mai tallan nake ba. Da ku nake, malamai da ma'aikata masu digiri, da kuke yaɗa irin wannan talla a WhatsApp.

Ƙwayoyin B su ke ƙera makaman da ke kama cuta, wato antibodi. A cikin kaluluwa da saifa suke samun horo, inda suke ta sauya fasalin makamin bisa sa'a har a dace da wanda ya fi kamu. A wannan laluben, wasu kan ƙera makamin da ke saran jikin mai shi. Shi ya sa, bayan ƙwayoyin T masu ingiza su, akwai wasu ƙwayoyin T masu riƙe linzami: suna rage ingizar, su hana ɓatattun B samun gindin zama.

Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana masu linzamin nan a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ke tafiyar da su, FOXP3, kuma su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2025. Jariri namiji da aka haifa da FOXP3 a lalace, garkuwarsa ba ta gaza ba, ta yi yawa ne. Takan afka wa hanjinsa da fatarsa, ta jawo masa ciwon sukari tun yana goye. Maganinsa danne garkuwar, ko dashen ɓargo.

To, in garin nan yana abin da aka ce, haɗari ne; in ba ya yi, cuta ce. Allurar rigakafin ƙyanda ma ba ƙara garkuwa take ba, nuna wa ƙwayoyin B fuskar maƙiyi ɗaya take.

Kuma a yankin nan ne, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Ƙurar ba ta da wari, iyaye ba su san tana shiga cikin 'ya'yansu ba. Wanda ya shaida wannan, da wane dalili zai ɗura wa ɗansa garin da babu lambar NAFDAC a jikinsa, babu wanda ya auna abin da ke ciki?