Ɗan Adam a Makwancin Mota

Yau ku yi mini haƙuri, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wata magana ce ta tokare mini maƙoshi, in ban amayar da ita ba, ko layi ɗaya na soyayya ba zan iya rubutawa ba.

Bari in fara da kaina da 'yan'uwana marubuta, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku ɗauko duk wanda kuka ga dama cikin littattafan da muka riƙa bugawa tun shekarun 1990, da wuya ku wuce shafi goma ba ku ga inda Alhaji ya danna hon, maigadi ya wangale get, ya je ya faka Marsandi a rumfar ajiye motoci ba. Muna cikin waɗanda suka koya wa mutane cewa gida bai cika gida ba sai da makwancin mota. Zauren da baƙo ke sauka, almajiri ya fake, aka rushe shi aka kafa ƙofar ƙarfe. Ni kaina da na samu 'yan kuɗin littafi na yi ɗan gini a Ƙanƙara, sai da na kafa rumfar mota, alhali ko keken kirki ba ni da shi. Motar dai har yau tana hanya.

To, sai zamani ya juya. Mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba sai an ba shi labari ba. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari, suka hallaka bayin Allah masu yawa. Daren 11 ga Disamban 2020 suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Yunin 2024 kuma 'Yargoje ta ga nata tashin hankalin. Ƙauyukan Sabuwa da ke iyaka da ƙasar Birnin Gwari su ma ba su tsira ba. Jama'a suka kwararo cikin gari, wasu suka cika makarantun firamare, wasu suka nausa Funtuwa, ɗakin haya ya zama gwal. An yi zaman sulhu a 2025, amma wanda aka ƙone wa ɗaki da rumbu ba a takardar sulhu zai kwana ba.

A nan ne wasu masu gidaje suka gano sabuwar sana'a. Sai mutum ya janye motarsa, ko ya kwashe tarkacen da ke cikin gareji, ya sa a share, ya ce ga ɗaki nan na haya. Ba ji na yi ba, gani na yi. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta gudo daga ƙauyensu da jikoki huɗu, kunya ta hana ta neme ni, sai daga baya na samu labarin inda take. Na same ta a wani gareji, ba taga ko ta leƙen ɓera, kwano tsirara ba silin, daɓen duk baƙin mai, ƙofar ƙarfen kuwa da azahar ba ta taɓuwa don zafi. In ta buɗe don shan iska, duk mai wucewa a titi sai ya ga shimfiɗarta. In ta rufe, yara su yi ta haki kamar kaji a akurki. Na ce, "Gwaggo, a nan kuke kwana?" Ta ce, "To ɗan nan, ya fi daji." Kuma mai gidan duk ƙarshen wata yana tsaye a ƙofa yana jiran kuɗinsa, ko kwabo bai taɓa ragawa ba.

Na san abin da za a ce mini: ai taimako ne, da babu gara ba daɗi. Na yarda, wanda ya buɗe garejinsa kyauta a daren da mutane suka shigo a guje, Allah Ya saka masa da alheri. Amma kai da ka shekara uku kana karɓar kuɗin haya, ka kasa fasa bango ka sa taga ɗaya, don Allah wane irin taimako ne wannan? Da motarka ce ruwa ke shigar wa, da tun damina ta farko ka kira magini.

Kada a ɗauka zancen jin daɗi nake yi, zancen rai ne. Mu da muka ga sanƙarau na 1996, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, mun san cunkoso a ɗakin da ba iska shi ne abokin tafiyarsa. Da hunturu kuma a hura gawayi a rufe ƙofa, ko a ajiye janareto a gindin ɗakin, hayaƙin da ba a gani ya bi mutane cikin barci, a wayi gari ana salati.

Da na ɗauko Gwaggo, rumfar nan tawa ta banza ita na mayar mata ɗaki, don haka na san abin da aikin ke ci. Magini ya zagaye ta da bulo. Muka ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, domin daɓen mota daidai da ƙasa ake yinsa, ruwan sama ba ya neman izini. Muka fitar da taga biyu masu kallon juna da ragar sauro, muka buga silin a ƙasan kwanon. Ƙofar muka juya ta tana kallon cikin gida, saboda mace ta fita ban-ɗaki da dare ba sai ta bi ta titi ba. Sai da na ci bashi, ban ɓoye muku ba, amma ban mutu ba. Wanda ya iya sayen mota har ya gina mata ɗaki, wallahi ya fi ni ƙarfin yin wannan.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai su riƙa leƙa irin waɗannan ɗakuna, duk wanda ba taga a hana karɓar haya a kansa sai an gyara. Limamai su faɗa a huɗuba. Mu kuma marubuta, mu rage lissafa motocin Alhaji a rumfa, mu leƙa mu ga wa ke kwana a cikinta yanzu. Kai kuma mai gida, ka tuna mutumin nan da ka cusa a garejinka jiya mai gida ne, da zaurensa da rumbunansa, ƙila ma masarar da ka ci bara waccan daga gonarsa ta fito. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu.