BAƘON ABINCI A BIRNIN KANO: A ƊANƊANA, AMMA A RAƊA MASA SUNA

A da can, dattijon Bahaushe yana ganin cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya zubar da mutunci ne, sai fa ga matafiyi ko gwauro wanda ba shi da mai girka masa. Yau kuwa al'amari ya sake. Duk wanda ya bi unguwar Nasarawa ko Bompai ko titin gidan Zoo a birnin Kano da maraice, zai tarar da gidajen abinci cike da samari da 'yan mata, har da magidanta da iyalansu. Abin da ya fi jan su kuwa shi ne ɗanɗana abin da ba a dafawa a gida, wato kayan zaƙi na baƙi, da taliya irin ta mutanen Sin, da naman halittun teku. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗanɗanar ba laifi ba ce, amma akwai asara babba a cikin yadda ake yin ta, kuma ɗaliban Hausa suna da hakki a wuyansu game da wannan asara.

Da farko dai, ya kamata masu kukan cewa abincin baƙi zai kashe na gargajiya su waiwayi tarihi. Akushin Bahaushe bai taɓa rufe ƙofa ga baƙo ba. Alkama da alkubus da gurasa da alkaki da alewa da shayi, dukkansu sunayensu daga Larabci suka fito, kuma hulɗa da fataken Arewacin Afirka, irin Larabawan Turabulus da Gadamus waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki, ita ce ta yaɗa yawancinsu. Amma wa zai ce yau gurasar Jakara ba ta Kanawa ba ce? Haka kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, burodi da kifin gwangwani da madarar gwangwani suka shigo, suka zauna daram. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi sai da harshe ya lanƙwasa sunansa, hannun mata kuma ya sarrafa shi, kafin ya zama ɗan gida.

A ɗauki taliya alal misali. Tun kafin ta kanti ta yawaita, matan Hausawa suna kwaɓa fulawa su murza a ƙaramin inji, su shanya a igiya, a dafa a ci da manja da yaji. Ita kuwa taliya mai saurin dahuwa, wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙago ta a 1958. Samfurin Indomie, wanda asalinsa na ƙasar Indonesiya ne, ya fara shigowa Nijeriya a 1988, daga baya aka kafa masa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Ba a daɗe ba mai shayi ya karɓe ta, ya haɗa ta da ƙwai da albasa da attaruhu, har ta zama abincin daren ɗalibai da 'yan kasuwa. Wannan taliya ta sami gurbi domin ta biyo hanyar da gurasa ta biyo. Amma idan mutum ya shiga babban gidan abinci, sai a miƙa masa takarda mai ɗauke da jerin taliya iri biyar ko shida, babu ko ɗaya da aka rubuta da Hausa. Sai ya nuna da yatsa kamar bebe, a kawo masa abin da bai san sunansa ba, bai kuma san abin da aka zuba a ciki ba.

Batun kayan zaƙi ya fi wannan ban takaici. A al'adar Bahaushe ba a jera abinci hawa hawa, a ce sai an gama tuwo sannan a kawo mai zaƙi. Kayan zaƙinsa na biki ne da salla da gara da tarbar baƙo. Amma rashin wannan tsari bai sa ya rasa gwaninta ba. Nakiya, wadda ake yi da garin shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi, tana iya yin watanni ba ta lalace ba, tun zamanin da babu firji. Alkaki kuwa sai an bar kwaɓin alkama ya yi tsami, a naɗa, a soya, a tsoma a zuma. Ga dubulan, ga tuwon madara, ga gullisuwa, ga kantun riɗi, ga maɗin ɗinya. To, me ya sa gidan abincin da zai kawo wa mutum baƙalawar Kwarori da kek da askirim a faranti mai ƙyalli yake jin nauyin ajiye alkaki kusa da su? Dalili ɗaya ne: an sa wa rai cewa abin gida na talla ne a faranti a kan yarinya, na waje kuma shi ya cancanci teburi. Wannan ƙasƙanci ne da mutum ya ɗora wa kansa, domin baƙalawa da alkaki 'yan uwan juna ne, alkama ce da mai da zaƙi.

Naman teku shi ne baƙon gaske. Ƙasar Hausa ba ta da teku. Kifin da aka sani shi ne na kogi da tafki, kamar tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa da giwan ruwa, irin wanda ake kamawa a Argungu da Hadejiya da Tafkin Chadi. Saboda haka Bahaushe da yawa suna ƙyamar jatan lande da ƙaguwa, suna yi musu kallon ƙwari. Ta fuskar addini babu abin ƙyama, gama mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa suke bi, ta halatta cin abin da ke rayuwa a teku. Inda ake bukatar hattara shi ne lafiya. Tsakanin Ikko da Kano tafiyar kilomita wajen 1,000 ce a mota, kuma naman teku ya fi kowane nama saurin ruɓewa. Idan ƙanƙara ta narke a hanya, ko wutar lantarki ta ɗauke a ɗakin ajiya aka sake daskarar da shi, mai ci ne zai kwana yana zawo. Daɗin daɗawa, akwai mutanen da jininsu bai karɓi jatan lande ba, da sun ci sai jiki ya yi borin jini, wani ma numfashi ya sarƙe. Abincin wani gubar wani. A nan ne rashin suna yake zama haɗari, domin wanda bai fahimci takardar da aka ba shi ba, ba zai san abin da zai guje wa ba.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin al'amari ne, ciki ba ya tambayar suna. Amsa ita ce harshe yana raunana ne fage bayan fage. Idan Hausa ta janye daga teburin cin abinci, kamar yadda ta janye daga banki da asibiti a wurare da dama, yaron da ya tashi a birni zai ɗauka cewa harshensa na tuwo da miyar kuka ne kawai, duk wani abin marmari sai da Turanci ake kiransa. Kamusun Bargery na 1934 da na Abraham da ya biyo bayansa sun taskace ɗimbin sunayen abinci na zamaninsu. Abin da ya shigo bayansu yana jiran masu taskacewa.

Saboda haka akwai aiki iri uku a gaban sassan Hausa na jami'o'i. Na farko, a tura ɗalibai masu rubuta kundin digiri wurin tsofaffin mata masu yin gara, su rubuta sunaye da yadda ake sarrafa kowane abu tun masu sanin suna raye. Na biyu, a saurari mai shayi da kuku da mai sayar da kifi a Sabon Gari, a ji sunayen da suka riga suka laƙaba wa baƙin abinci, gama kalmar da ta fito daga bakin masu sana'a ta fi wadda aka ƙera a ofis daɗewa. Na uku, a kai wa masu gidajen abinci shawara su riƙa rubuta jerin abincinsu da Hausa tare da Turanci, su bayyana abin da ke ciki, su kuma ba alkaki da nakiya wuri a teburinsu. Ba za su yi asara ba, domin baƙon da ya zo Kano daga Ikko ko Turai ya fi son ya ɗanɗana abin da ba ya samu a garinsu.

A taƙaice, mai sha'awa ya je ya ci taliyar Sin, ya gwada ƙaguwa, ya sha askirim, babu mai zarginsa. Amma ya tambayi sunan abin da ke gabansa da Hausa, ya kuma tambayi ina alkaki. Idan masu tambayar suka yawaita, mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, da kansa zai nemo amsa.