Bayan mota kafin injinta

Ɗan kasuwar Birnin Ƙonni mai ɗauko babura daga Illela ta Najeriya, ya kamata ya dubi bayan mota kafin injinta. Hilux mai ƙofa huɗu tana da kwarjini a bakin ma'aikata, amma bayanta gajere ne: babur ba ya shiga sai an bar murfi buɗe, jandarma kuwa ba su barin irin wannan dama ta wuce. Tsohuwar Peugeot 504 mai tamfol ta fi ta fili. Mai walda ya kafa ƙugiyoyi a ƙasan bodi, domin igiyar da aka ɗaura sama takan saki kafin Malbaza, babura su gogi juna, fenti ya kuje, mai saye a Galmi ya karya farashi. In da albasa za a komo, a ɗage gefen tamfol iska ta ratsa. Zafi ruɓar da ita yake yi.