Godiyar Ƙarshen Shekara: Kada a Manta da Garam

Da Disamba ta kama, ofisoshin Abuja kan cika da saƙonnin godiya, amma galibinsu sama suke dosa: ga minista, ga babban sakatare, ga duk wanda sa hannunsa ke kawo ƙarin girma. A ganin wannan jarida, an tsallake waɗanda suka fi cancanta.

Garam, a Jihar Neja, dab da Bwari, na cikin garuruwan da tsadar haya ta kora ma'aikatan tarayya zuwa cikinsu. A ƙarshen 2023 da farkon 2024 'yan bindiga sun afka wa garin, sun sace mutane. Duk da haka, ma'aikacin da ya yi sammako zuwa Sakatariyar Tarayya yakan fita ne da ɗan kwanciyar hankali, domin ya bar iyalinsa amana a hannun maƙwabci da ɗan sintiri, mutanen da ba a taɓa kiran sunansu a taron karramawa.

Buhun shinkafa ba zai biya wannan bashi ba. Kafin a tafi hutu, ma'aikacin ya buɗe fayil ɗin tsohon nan da ke jiran fansho, wanda ƙura ta rufe a kan teburinsa. Wataƙila ɗansa ne ke kwana yana gadin unguwar.